Yatsa Uku a Sifirin Hagu

Ni ne na karɓe makullin mota daga hannun Baba, a tsakar gida, Inna na tsaye tana kallo. Gara in faɗa tun farko, don mai zagina ya san inda zai kama.

Baba direba ne. Shekara talatin da ɗoriya yana ɗauko katako daga injin yanka yana kai wa kafintoci a tsohuwar a-kori-kurarsa. Ni kuma bakanike ne mai garejin kaina, ga baki da ba ya jiran mutum ya kai aya. Shi Baba, Injiniya yake kirana, rabi yabo rabi tsokana.

Da bayan motar ya zauna har taya na gogar bodi in an yi lodi, na ce masa sifirin baya ya mutu, wato dogayen fallayen ƙarfen nan da ake jerawa ɗaya kan ɗaya su ɗauki nauyin mota. Irin nata an daina yi tuntuni. Na shiga wurin 'yan gwangwan na tono masa masu ƙarfi, na dama daga wannan tsibi, na hagu daga wancan. Na auna tsawo, daidai. Na ƙirga fallaye, bakwai-bakwai. Na ɗaura, na zaga layi sau ɗaya, na ga sitiyari ya ɗan kauce, na daidaita shi ta gaba. Mota ta ɗaga baya tsaf, ni kuwa na kwana biyu ina cika baki.

Sati bai cika ba Baba ya goge gefen hagu a ginshiƙin ƙofar gida, ƙofar da yake iya shiga ido rufe. Bayan sati biyu tayar baya ta hagu ta zurma kwata a wata kwana, katako ya watse a titi, saura ƙiris ya danne wata mata mai goyo. Maƙwabta suka fara tare Inna suna cewa sun ga Baba yana tuƙi a gicciye.

"Injiniya, motar nan ba daidai take ba," in ji Baba. "Gaba na tafiya daban, baya daban."

"Haba Baba! Da hannuna fa na ɗaura. Wace mota ce za ta yi tafiya biyu a lokaci guda?"

"To ka sake dubawa mana."

Na durƙusa na leƙa, na ga notuna a ɗaure tam, na tashi ina kakkaɓe gwiwa. Iyakar dubawar da na yi wa maganar mahaifina ke nan.

Yaya, babbarmu, ta kai shi asibitin ido. Likita ya ce idonsa garau, har ya fi nata. Maimakon jikinmu ya yi sanyi, sai muka ce to in ba ido ba ne, kai ne ya fara taɓuwa. Muka taru muka sa shi a gaba. Yaya na lallashi, ni ina zuba, ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Har na buɗe baki na ce, "Sai ka kashe ɗan wani tukuna za ka yarda?"

Baba ya dube ni. Ya sa hannu a aljihu ya miƙo makullin. "To. Kai ka san mota."

Wata huɗu motar na ajiye a bayan garejina. Rannan Yaya ta sayi kabad, aka rasa abin ɗauka, mijinta Dogo ya zo ya ari motar. Dogo direban bas ne, lafiyayye, ko tabarau ba ya sawa. Ya ja gaba, ni na biyo shi a babur don in taya saukewa.

Muna hawa miƙaƙƙen titi sai na ga ikon Allah. Motar tana tafiya a karkace kamar ƙaguwa. Bayanta ya fita hagu, kuma daga inda nake ina hango tayar gaba ta dama a fili, wadda bai kamata in gani ba sam. Na murtsuke ido. Tana nan yadda take. Na danna hon kamar mahaukaci har ya gangara gefe.

"Dogo, wane irin tuƙi kake yi haka?"

"Ni? Ai tun da muka taso nake kokawa da ita. Na ɗauka halin tsohuwar mota ne."

Innalillahi kawai nake maimaitawa. Kabad ɗin ma ban san yadda aka yi ya isa gida ba. Muna komawa gareji na ɗauko tef na auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa ta baya. Dama daban, hagu daban. Hagu ta fi da yatsa uku cur. Na sake aunawa har sau huɗu ko tef ɗin zai ji tausayina.

Na kwance sifirin biyun na shimfiɗa su a ƙasa gefe da gefe. Tsohon mai walda da ke maƙwabtaka da ni ya leƙo, ya dube su sau ɗaya, ya nuna ƙusar tsakiya da ƙafarsa, wadda ƙarfen tayoyin baya ke zama a kanta.

"Wannan na tsohon samfuri ne, wancan na sabo. Tsawo ɗaya, amma ƙusar na hagun ta ja baya. Ba ka auna daga tsakiya ba?"

Na sunkuya na dubi ƙusoshin biyu.

"Kai, Injiniya! Wane bawan Allah ka ba wa wannan ya hau titi da ita?"

Na zauna daɓas a kan ƙasa mai baƙin mai. Tun da nake ban taɓa jin kunya da tsoro sun haɗu mini a ƙirji irin na ranar ba. Na karkatar da motar mutum da hannuna, sannan na tara masa 'ya'yansa na ce kansa ne ya karkace.

Kwana biyu na yi ina yawon tsibi-tsibi kafin in samo ɗan'uwan na daman. Na ɗaura, na mayar da sitiyari yadda yake, na auna ko'ina, na sa Dogo ya ja ina binsa a baya. Ta tafi sambal.

Da yamma na kai ta gida. Baba na zaune a kujerar roba a bakin ɗaki, ya rame, rigar ta yi masa yawa. Sai a lokacin na lura, ni da nake shigowa kusan kullum. Inna ta ce da ni a hankali, "Yanzu ko shago zai je sai na raka shi."

Na durƙusa a gabansa na faɗi komai, ƙusar, yatsa ukun, tsibi biyun. Na ce laifina ne, kansa lafiya lau, tuƙinsa lafiya lau. Inna ta dafe ƙirji ta jingina da bango tana salati. Na jira Baba ya zage ni, wallahi da ya mare ni ma da na ji sauƙi. Bai yi ko ɗaya ba. Ya karɓi makullin, ya tashi a hankali ya nufi motar, ya shiga ya zauna. Ya gyara madubi. Ya sa makullin a mazauninsa, amma bai murɗa ba. Ya ɗora hannu a kan sitiyari.

"Injiniya, ka tabbata motar ce?"

"Wallahi ita ce, Baba. Na auna, Dogo ma shaida ne."

Ya dubi ƙofar gida, ya dubi ginshiƙin da ya goga, ya sake dubana.

"Don ni yanzu ko a ƙasa nake tafiya, sai in ji kamar ina karkacewa."

Ya zare makullin ya miƙo mini ta taga, ya ce in kama masa hannu ya sauko.