Tsamiyar Alƙahira

Duk Gwaska an san Mairama ba ta ɓata a daji. Tun tana budurwa, in mata za su shiga tsintar kaɗanya ita ake sawa a gaba, domin ba ta wuce wuri sai ta ajiye shi a ka: ga suri mai kai biyu, ga kukar da tsawa ta tsaga, ga inda rafi ya yi kwana. Ranar da 'yan bindiga suka tashi garin ma, ita ta ja mata da yara ta cikin dajin har Birnin Gwari, ba wanda ya salwanta. Tana taƙama da wannan, kuma ba wanda ya isa ya ce taƙamar banza ce.

Abu na biyu da take ji da shi ita ce kunya. Ɗanta na fari ya shekara talatin da huɗu a duniya, bakinta bai taɓa furta sunansa na yanka ba. Kakarsa ta yi masa laƙabi da Mainasara, gari ya ɗauka, amma ita ko laƙabin sai ta rasa mafita take faɗa. "Wancan" take cewa, ko "direban nan". In ya shigo gaishe ta sai ta juya wajen murhu ta amsa kamar da baƙo take magana. Matan yanzu masu rungumar ɗan fari a gaban jama'a kuwa, cewa take ba su da ta ido.

A hanyar Kaduna aka buɗe wa motarsa wuta, yana ɗauke da masara. Harsashi ya maƙale a ƙashin bayansa, likitoci suka ce aikin ya fi ƙarfin kayansu. Alhaji Auta mai motar ya ɗauki nauyin kai shi Masar. Matar Mainasara, Lailatu, cikinta ya tsufa, ba jirgin da zai ɗauke ta. Haka Mairama, wadda ko Kano ba ta taɓa takawa ba, ta tsinci kanta a hawa na shida na wani asibiti a Alƙahira, tana jinyar mutumin da ba ta iya haɗa ido da shi.

Tafintansu wani Bazazzagi ne, Abdulkahar, mai marasa lafiya a asibitoci barkatai, wanda yakan leƙo da safe ya wuce. Shi ya ba ta kati mai adireshin asibitin, ya ce ko nan da ƙofa za ta kada ta rabu da shi. Ta ƙulle katin a bakin zane.

Kwana uku zazzaɓi ya hana ɗan nata cin komai. Ran Talata da hantsi ya buɗe ido.

"Iya, da za a sami kunun tsamiya, da na sha."

Ta kalli bango. "To," ta ce.

Daɗi ya kama ta har cikin ranta, amma ba ta nuna ba. Garin kunu da shi ta zo, akwai kuma butar lantarki a ɗakin. Tsamiyar ce ma'aikatan filin jirgi suka zubar mata. To amma ran da suka iso ta hango curin tsamiya a wani shago, ba nisa. Ta yafa mayafi, ta bi matakala, ta fita ta wata ƙaramar ƙofar ƙarfe da masu shara ke bi.

Yadda ta saba haka ta yi. Ta ajiye alama uku a ka: amalanken lemo a bakin kwana, jar mota a gindin bishiya, da wani tsoho a kan kujera yana karanta jarida. Ta sami shagon, ta nuna tsamiya da yatsa, mai shago ya ƙunsa mata. Har ta fara cewa a ranta ashe birnin nasu ba wani abin tsoro ba ne.

Abin da ba wanda ya gaya wa Mairama shi ne, a birni alama tana da ƙafa. Mai lemo ya tura amalankensa ya yi gaba. Tsoho ya naɗe jaridarsa, ya tafi har da kujerar. Jar mota kuwa, duk inda ta waiga sai ta ga uku. Ta ɗaga kai ta nemi rana, benaye sun rufe ta. Ta kai hannu bakin zane, babu kati. Wancan zanen ta wanke shi da asuba, yana can rataye a banɗaki da ƙullinsa.

Ta tare mutane. Larabcinta kaf sallama ce da abin sallah. Sai ta yi sallama, a amsa mata da fara'a, daga nan a tsaya ana kallon juna. Ta ce asibiti, ta sake faɗa da ƙarfi kamar kurame ta samu. Wani ya nuna mata gabas, wani yamma, wani ya ɗauka bara take ya miƙo mata gurasa. Ta yi ta tafiya, motoci na yi mata ihu, tsamiya na hannunta. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta ji ba ko a daji, ba don kanta ba, sai don ta san yana can yana jira, kuma ba mai fahimtar maganarsa sai ita.

Da aka kira azahar, shi ne abu na farko da ta gane tun fitowarta. Ta bi wasu mata ta shiga masallaci. Tana sallamewa kuka ya ƙwace mata. Wata mata mai jiki, mai baƙin hijabi da tabarau, ta matso ta dafa ta tana ta zuba magana. Mairama ta dafa cikinta, ta nuna tsawon mutum da hannu, ta kwantar da kai a tafi, ta kwatanta allura a damtse. Matar ta buga ƙirji, ta kama ta a wuyan hannu, suka fita.

Asibitin farko mai babbar ƙofar gilas ne. Mairama ta girgiza kai, domin nata ƙofar ƙarfe gare shi da kwandunan shara a gefe. Duk da haka matar ta ja ta ciki, gaban wata ma'aikaciya mai kwamfuta. Ma'aikaciyar ta nuna kanta ta ce Huda. Ta nuna Mairama, Mairama ta faɗi nata. Sai Huda ta kwantar da kai a tafi kamar mara lafiya, ta ɗora yatsu a kan na'urar, ta zuba mata ido.

Kada wani ya ce Mairama ba ta gane ba. Ta gane sarai. Sunan da ke cikin fasfo ake so, ya kuma taso mata har maƙogwaro. Amma shekara talatin da huɗu ba wasa ba ce, ga mutane tsaye a bayanta.

"Mainasara," ta ce a hankali.

Aka duba, aka sake dubawa, babu. Ta lallashi kanta da cewa ai dama ba nan ba ne.

Suka je na biyu, suka je na uku. Ko'ina abin da ta faɗa ke nan, ko'ina a girgiza mata kai. Baiwar Allah mai tabarau ta jiƙe da gumi, tana ɗingishi, amma ba ta saki hannunta ba. Da aka kira la'asar ƙafafun Mairama suka ƙi. Ta zauna a bakin titi. Dabararta ta ƙare, saura abin da macen da ta ɓata a daji ke yi a ƙarshe, wato ta ɗaga murya ta kira nata.

"Salmanu! Salmanu!"

Matar ta zabura. "Salman?" Ta zaro waya, ta shiga kiran asibitocin ɗaya bayan ɗaya. Can ta yi kabbara, ta tare tasi. Da motar ta tsaya, sai ga su a gaban ƙofar gilas ɗin nan ta farko. Ashe gaban gidan ne, ita ta baya ta fita.

A hawa na shida ta tarar da Abdulkahar tsaye a bakin ɗaki, ya kasa kallonta.

"Iya, ina kika shiga? Ba inda ban duba ba."

"Yaya jikin nasa?"

"Sai haƙuri, Iya. Ana saukowa daga azahar jikin ya rikice. Likitoci sun yi iya yinsu."

"Ya yi magana?"

Abdulkahar ya ce, "Ya kai awa guda yana tambaya ko kin dawo."

Ba ta san agogo ba, amma ta san azahar. A wannan lokacin tana ƙasa, a gaban mai kwamfuta, hawa shida ne kawai tsakaninsu. Ta shiga banɗaki don kada a ga fuskarta. Zanen ya bushe, ƙullin na nan yadda ta yi shi.

A can aka binne shi. Ta dawo Birnin Gwari da jakarsa da ƙunshin tsamiyar da ba ta kwance ba, ta tarar Lailatu ta sauka, namiji. Ran suna aka mayar masa da sunan ubansa. Mata suka taru a tsakar gida a unguwar Magajin Gari suna shawarar laƙabi, domin uwa da kaka su sami abin kira. Wasu suka ce Abba, wasu Khalifa. Mairama na zaune a bakin ƙofa, ba ta sa baki ba sai da suka gama.

"Ku miƙo mini Salmanu," ta ce.

Ƙanwarta Raudatu ta riƙe baki.

"Yaya, a bakinki?"

"A bakina."

Aka miƙa mata shi. Ta buɗe zanen, ta kalli cikin idonsa sosai, ta sake kiran sunan, hawaye na sauka a kan goshin jaririn. Har yau a unguwar akwai masu cewa tun da Mairama ta je Masar kunyarta ta zube. Tana ji, ba ta tanka musu. Yaron ya fara tafiya yanzu, kuma ko zaure ya nufa sai an jiyo muryarta daga ƙarshen layi tana kiran sa.