Tulun da Maiwada Ya Binne

Maiwada ya durƙusa a gindin rumbu yana tono da fartanya, gumi na ɗiga daga haɓarsa ko da yake hantsi bai yi ba. Tanko direba na tsaye a kansa, riƙe da mazurari da wata tsohuwar garwa. Daga ɗakin da ke bayansu ana jin nishin Rahmatu, matar Maiwada, wadda naƙuda ta kama tun kiran assalatu.

"Yi maza," in ji Tanko. "Mota na ƙofar gida, na shimfiɗa tabarma a baya. Mai kawai nake jira."

"Yana nan. Da hannuna na binne shi."

Sau biyu Rahmatu tana haihuwa a wannan ɗakin, sau biyu ana fitar da jariri a nannaɗe ba tare da an ji kukansa ba. A na biyun ita ma da ƙyar ta sha. Malama Angelina, ungozomar ɗakin shan magani na Makarfi, ba ta ɓoye masa komai ba. Ta ce ƙugun Rahmatu ƙarami ne, in aka sake barinta ta haihu a ƙauyensu Gubuchi, to a haƙa kabari biyu. Da zarar ciwo ya taso, a kai ta babban asibiti a Zariya.

Faɗa da baki ba wuya. Amma shekarar nan ta yaƙi ce, man fetur ya ɓace daga ƙasar kamar an share. Wasu na cewa sojoji ne ke kwashewa, wasu na cewa haraji aka ƙara masu gidan mai suka ɓoye. Tanko, wanda ke ɗaukar mazarƙwailar Maiwada zuwa kasuwa, ya jingine motarsa a ƙarƙashin tsamiya har kaji suka fara ƙwai a ciki. Shi ne ya ce masa, "Samo garwa ɗaya ka ajiye. Ko wace rana ce, zan kai ta."

Maiwada ya sayar da ragonsa, ya hau keke zuwa Zariya, ya kwana uku a layi. A layin nan ya ga abin mamaki: mutumin da ko jaki ba shi da shi ya zo da kwalabe shida, wata tsohuwa ta zo da buta, wai ta ji ana saye ita ma kada a bar ta a baya. Ya dawo da garwarsa cike, ɗaure a bayan keke, yana jin kansa kamar wanda ya dawo daga hajji.

Sai dai garwar ta aro ce, mai ita yana nema. Ga kuma raɗe-raɗin cewa 'yan doka na shiga gidaje suna kwashe duk garwar da ta yi warin fetur. Maiwada kuwa mutum ne mai dabara, ko kuma haka yake ganin kansa. Ya sayi babban tulu sabo fil, wanda ko ruwa bai taɓa shiga ba, don kada wani datti ya ɓata man. Ya juye a ciki, ya rufe bakin da kasko, ya liƙe da laka yadda ake liƙe irin shuka, ya binne. Bai gaya wa kowa ba, har Rahmatu. Namiji ba ya zama da matarsa yana lissafin ranar haihuwa, da kunya, kuma maganar da ta shiga cikin gida takan tsallake danga kafin azahar. Mako bakwai ke nan, cikin zafin bazara.

Fartanyar ta taɓa kasko. Ya ajiye ta, ya share ƙasa da yatsu, ya rungumi wuyan tulun, ya tattara ƙarfinsa duka ya ɗaga. Tulun ya taso sakayau, har ya kusa faɗuwa da baya.

Gabansa ya faɗi. Ya fasa lakar, ya cire kaskon, ya zura hannu har kafaɗa. Yatsunsa suka fito da wani jan danƙo mai wari, ba ko ɗigo.

"An sace," ya ce. "Wallahi an sace mini."

Tanko ya tsuguna ya duba lakar, ga shatin yatsun Maiwada a jiki, ba wanda ya taɓa. Ya damƙo ƙasar ramin ya shinshina, ya shafa jikin tulun, sannan ya dafe kansa.

"Ba wanda ya sata. Tulun ne ya shanye, ƙasa ta ƙarasa. Haba Maiwada! Fetur a tulu?"

Goggo Hassana, ƙanwar mahaifinsa da ke zaune da mai naƙuda, ta leƙo daga ƙofa. "Ku me kuke jira? Yarinyar nan ƙarfinta na tafiya."

Maiwada bai iya duban ta ba. Ya figi kekensa ya nufi Makarfi, garwar Tanko na ƙara a bayansa. A gidan mai ya tarar da jama'a kamar ranar kasuwa, kowa da abin zubawa, famfon kuwa an ɗaure shi da sarƙa tun makon jiya. Ya bi mutane ɗaya-ɗaya yana roƙo, yana faɗin abin da ko a mafarki bai taɓa tsammanin zai faɗa a bainar jama'a ba, cewa matarsa na kan gwiwa. Kowa ya ce Allah ya sauke ta lafiya. Wani ya rantse masa ba shi da ko cokali, alhali wari na tashi daga rigarsa. Malamin gona ne kaɗai ya ji tausayi, ya karkata babur ɗinsa ya tsiyaye masa abin da ya rage, bai cika kwalba biyu ba.

Daga nan ya wuce ɗakin shan magani. Malama Angelina ta saurare shi, ba ta yi masa faɗa ba, wannan kuma ya fi faɗan ciwo. Ta ɗauki jakarta, ta hau bayan keken.

Azahar ta gota lokacin da ta fito daga ɗakin Rahmatu tana goge hannu.

"Ɗan ya gicce," ta ce. "Ba abin da hannuna zai iya. Yau ɗin nan sai Zariya."

Tanko ya ɗaga kwalaben ya duba a rana. "Wannan zai kai mu bakin kwalta, in Allah ya yarda. Can sai mu tare duk motar da ta zo."

Suka ɗauko ta a kan tabarma, Maiwada ta wajen kai, Tanko ta wajen ƙafa. Hanyar fita ta gaban rumbu take. Rahmatu ta buɗe ido, ta ga rami, ta ga tulu a kwance, warin ya shiga hancinta. Ta daɗe tana kallo.

"Malam," ta ce a hankali, "man tafiyata ne ka zuba a nan?"

"Shi ne."

"A sabon tulu?"

Ya gyara riƙon tabarmar, ita kuwa ta ci gaba.

"Sabon tulu ai sai an kwana uku ana cika shi yana shanyewa. Ko 'yar da ta fara zuwa rijiya ta san haka." Ciwo ya murɗa ta, ya sake ta. Babu fushi a muryarta ko kaɗan, shi ya sa maganar ta soke shi. "Ashe ka yi mini tanadi. Da ka tambaye ni, Malam."

Shekara talatin da biyar yana shan ruwan tulu, bai taɓa cika ko ɗaya ba. Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da tafiya.

Motar ta tashi da tari, ta bi ta cikin gonakin rake tana jijjiga. Tanko na kashe injin a kowace gangara don tsimin mai. Duk da haka, suna hango kwalta ta yi shessheƙa biyu ta mutu. Maza biyun suka sauka suka tura har gindin wata ɗorawa a bakin titi.

Titin Zariya, wanda a da ba ya minti goma ba mota, ya miƙe fayau. Masu keke suka wuce, wani Bafulatani ya ƙetara da shanu. Malama Angelina na zaune a baya, kan Rahmatu a cinyarta, tana yi mata fifita da faifai. Maiwada ya tsaya a tsakiyar kwalta, zafinta na cin tafin ƙafarsa, kunnensa ɗaya a hanya, ɗaya a wajen nishin matarsa. Tanko ya yi la'asar shi kaɗai a kan ciyawa.

Rana ta yi sanyi kafin wata babbar mota ta ɓullo daga kan tudu, tana gangarowa a hankali ba ƙara. Maiwada ya ɗaga hannu biyu ya ruga wajenta yana ihu, "Don Allah! Don Annabi! Mai haihuwa ce!"

Motar ta tsaya daidai gabansa. Direban ya leƙo da jajayen idanu, ya dubi motar Tanko.

"Bawan Allah," ya ce, "ko kuna da mai na sayarwa? Ko kwalba ɗaya ce. Nawa ya ƙare tun kan tudu, gangara ce ta kawo ni nan."

Maiwada ya sauke hannuwansa. A lokacin ne ya lura ya ɗan jima bai ji nishin ba. Ya juya. Malama Angelina ta ajiye faifan, tana jawo mayafi kan fuskar Rahmatu.