Sunan da Dutse Ya Raɗa

Malamar makaranta ce, ta ɗauko wa kanta aikin tattara sunayen sana'o'i da asalinsu don ɗalibanta. Sai da ta gama da maƙeri da majemi sannan ta tuna akwai masassaƙin dutse a gida, mahaifinta, wanda ya shekara arba'in yana baɗe musu shanya da ƙura.

Ta same shi a rumfarsa ta bayan gida, gabansa duwatsu biyu, zai zaɓi ɗaya ya yi dokin ƙofa.

"Baba, daga ina kalmar masassaƙi ta fito?"

Sai da ta maimaita sau uku.

"Dutse ne ya raɗa mana," in ji shi. "Saurari ƙarfe in yana cin dutse: sas, sas, saƙ. Sunan ke nan. Ku 'yan boko sai kun buɗe littafi."

Ta san shaci-faɗi ne, amma ta rubuta, don ba a yi wa Baba gardama a rumfarsa.

Shi kuwa ba ya sassaƙa dutse sai ya ƙwanƙwasa shi da guduma ya kasa kunne. Lafiyayye amonsa garau, mai tsaga a ciki muryarsa a dishe. Ya bugi na farko, ya bugi na biyu, ya gyaɗa kai kamar alƙali, ya jawo na biyun.

Ko ita mai riƙe da biro ta ji na biyun a dishe yake. Sai yanzu ta gane dalilin ƙure rediyon da yake yi. Kunnen ya tafi, yana ɓoyewa, don ya san ranar da yayyenta suka gano za su kulle rumfar su zaunar da shi. Tausayinsa ya kama ta.

"Baba, sake bugawa, zan rubuta sautin," ta ce da ƙarfi.

Ya sake. Ta dafa na farkon. "Wannan ya fi iya faɗin sunanka."

Ya dube ta, sannan ya ture na biyun da ƙafa. "Gwada ki nake yi."

"Na sani. Binciken nan zai ja lokaci, kullum in na tashi daga makaranta zan riƙa zuwa."

"To ki riƙa zama nan kusa," ya ce, bai ɗago ba. "Kuma kada ki gaya wa yayyenki abin da kika gano."