Hotunan Kujerun Dogo

Kowa a layin kafintoci ya yarda Dogo ya fi ƙaninsa Auta hannu. Mai sayar da ƙusa kan ce kujerar Dogo sai dai jikoki su gaji da ita su kyautar. Direban da ke kai masa kaya kuwa cewa yake, "Aiki kam akwai, amma kada ka yabi kujerar wani a gabansa, ko da ta asibiti ce." Mahaifiyarsu ma ta ce tun suna yara, in ta yabi Auta, ranar Dogo ba ya cin abinci.

Shagunansu suna kallon juna. Kowanne yana da shafi a intanet, kuma mutum ɗaya ne ya haɗa musu. Amma duk wanda ya nemi kujerun katako a injin bincike, shafin Auta ne ke fito masa a sama. Na Dogo sai an gangara, an wuce har masu sayar da na roba. Sai Dogo ya tsaya da zarto a hannu yana kallon motoci suna tsayawa a ƙofar yaron da shi ya koya wa riƙon guduma.

Auta ya taɓa tsallakowa ya ce, "Yaya, hotunanka sun yi nauyi. Mutane ba sa jira, kuma injin ba ya ɗaga shafin da ke jan ƙafa. A rage su, a cire bidiyon nan na sama."

"Don kada a ga kyan katakona ko? Na gode, malam."

Dogo dai kyamara ya saya musamman. Yana so a ga kowace jijiyar katako, don haka ya hana a taɓa hoto ko ɗaya. Kuma kullum da safe yakan buɗe shafin a kwamfutar shago, ya ga ya fito nan take. To ina nauyin?

Abin ya ci gaba da cin sa, har ran nan a gaban mahaifiyarsu ya fashe. "Mama, ɗanki ya toshe bakin mai haɗa shafi don a danne ni. Cinikina yake ci."

Auta ya ajiye cokali, ya sa takalmi ya fita. Daga ranar ko gaisuwa babu. Ba a jima ba aka ji ya kama shago a can wani gefen gari, zai tashi.

Ranar da ake sa ran tashinsa, wata mai gidan abinci ta shigo wurin Dogo, ta shafa bayan wata kujera ta ce, "Ashe haka suke da kyau! Ƙawata ce ta turo mini shafinka, na jira har na haƙura, na zo da ƙafata."

"Shafina? Ai kamar walƙiya yake." Ya juya mata kwamfutar.

Ta yi dariya. "Wannan ta saba da shi, ta adana hotunan tuntuni. Gwada a wayata, ita baƙuwa ce."

Ya karɓa. Fuskar wayar ta yi fari fat, wani ɗan zobe yana ta juyawa. Can sai saman kujera ya leƙo, ya tsaya. Matar ta gama zagaya shagon, ƙafafun kujerar ba su iso ba. A sace ya buɗe shafin Auta. Kafin ya ɗage yatsa, ga kujeru reras. Ɗinkin kushin ɗaya ma a karkace yake, ya lura, amma ana ganinsa.

Ya mayar mata da wayar, ya karkaɗe garin katako daga rigarsa, ya tsallaka titi.

Auta yana durƙushe yana jera kayan aiki a kwali. Bai ɗago ba.

"In aka rage hoton," in ji Dogo, "jijiyar katakon za ta fito?"

"Za ta fito. Nawa ma ta fito, balle naka."

"Bidiyon fa?"

"A mayar da shi ƙasa, wanda ya so ya danna. Sauran hotunan kuma su riƙa buɗewa in an gangaro kansu. Ba ranar za ka hau sama ba, amma za ka hau." Ya ɗauki guduma zai saka a kwali. Tsohuwar gudumar ce, mai ƙotar da Dogo ya sassaƙa masa.

Dogo ya riƙe bakin kwalin. Ya yi gyaran murya.

"Auta, abin da na faɗa a gaban Mama ƙazafi ne. Baƙin ciki na yi da kai. Ka yafe mini, kada ka tashi."