Fitinannen Haya

Ban taɓa hawa jirgin sama ba. Gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni. Shekara da shekaru ina cin abinci a kamfanin jiragen sama, da katin ma'aikata rataye a wuyana, amma ko tikitin kyauta aka miƙo mini sai in ce likita ya hana ni. Babu wani likita, tsoro ne kawai. Jirgin da na sani shi ne wanda ba ya zuwa ko'ina: rabin jirgi da aka datse masa fikafikai da hanci, aka girke a cikin wani ƙaton sito bayan ofis, da kujerunsa da tagoginsa da ma'ajiyar kaya ta sama, har da banɗakin da ba ya aiki. A nan ake horar da sababbin ma'aikatan cikin jirgi. Ni kuma aikina in zauna a kujera in zama fitinannen fasinja.

E, sana'a ce. Biyana ake yi in yi rashin mutunci. Matata ta ce kamfanin ma asara yake yi, tunda ita a gida kyauta take samu.

Fitinar tawa hawa-hawa ce. Akwai mai ƙorafi: shayi ya huce, kujera ta matse, wa ya bari aka shigo da jariri. Akwai mai zagi, wanda ke tambayar ma'aikaciya ko ta san da wa take magana. Sai na ƙarshe, mai kai hannu. Dokar kamfani a fili take: na farko a ba shi haƙuri, na biyu a ja masa kunne, na ƙarshen kuwa, idan kyaftin mai tuƙa jirgin ya yarda, a murɗe hannunsa baya a sa masa ankwar roba har a sauka. An sa mini ankwar nan har fatar wuyan hannuna ta yi kanta. Yaran duk Kawu suke ce mini. Da safe su gaishe ni da ladabi, da hantsi su danne ni a ƙasa, da rana mu ci abinci tare.

A cikin duk waɗanda suka taɓa danne ni, babu wadda ta ba ni wahala irin yarinyar da muke kira Shiru. Ba don ƙarfi ba, don kunya. Ranar farko da na daka mata tsawa sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Yi haƙuri, Kawu." Da aka ce ta kama hannuna, sai ta riƙe shi kamar za ta tsallakar da ni titi.

Na ce, "'Yar nan, a cikin wannan gwangwanin ni ba kawunki ba ne. Ni ɗan iska ne. Murɗe!"

"Kar in ji maka ciwo."

"Shi wanda za ki haɗu da shi a sama, tausayinki zai ji?"

Da ƙyar na cire mata wannan ladabin. Ranar da ta ci jarrabawa sai da ta sa goshina ya sumbaci kafet, na tashi ina tafa mata da hannu ɗaya.

To, ita ce ta haɗu da Mai Zobe.

Haka muka sa masa suna, don yatsunsa kusan babu wanda ba shi da zobe. Babban fasinja ne, irin masu zama a gaban labule, masu katin zinare na kamfani, waɗanda manaja ke sanin ranar haihuwarsu. Jirgi ya fara gangarowa zai sauka, an ce kowa ya ɗaura bel, shi kuwa ya miƙe ya buɗe ma'ajiyar sama zai sauko da akwatinsa don ya riga kowa fita. Daidai ƙarƙashin akwatin akwai mace rungume da jariri. Shiru ta ce ya zauna. Ya ce mata 'yar aiki. Ta sake cewa ya zauna, ta kai hannu za ta rufe ma'ajiyar. Ya cafke wuyan hannunta ya murɗe, ya hankaɗa ta ta bugu da hannun kujera. Shugaban ma'aikatan ciki ya kira kyaftin, kyaftin ya ba da izini, Shiru ta yi abin da na koya mata.

Sai dai mutanen zamanin nan ba sa zaro waya sai abu ya yi daɗi. Bidiyon da ya zagaya gari daga tsakiya ya fara. Ba a ga akwati ba, ba a ga jariri ba, ba a ga murɗar hannu ba. Abin da aka gani shi ne wata siririyar yarinya ta durƙusar da dattijo mai furfura, yana ihu yana kiran lauyansa. Kafin azahar kamfani ya fitar da sanarwa yana ba "abokin hulɗarsa mai daraja" haƙuri. Shi aka aika masa furanni. Ita aka karɓe katinta a bakin ƙofa, aka ce ta zauna a gida har kwamiti ya zauna. Idan kwamiti ya ce ta ci zarafin fasinja, ba aikin kaɗai za ta rasa ba, har da lasisinta, babu kamfanin da zai sake ɗaukarta ko da shara ce.

Ta zo sito ta same ni ina cin biredi a kujerar taga. Ta ɗan ja hannun rigarta. Shatin zobba ne a jere a wuyan hannunta, sun yi baƙi, har ana iya gane wanne ne mai dutse.

Na ce, "Kin nuna musu?"

"Na nuna. Sun ce ba a san lokacin da na samu ba."

Biredin nan ban ƙarasa shi ba, kuma wanda ya san ni ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai Manajan horo ya kira ni ofis. Mutum ne mai murmushi kamar an manna masa. Ya ba ni kujera, abin da bai taɓa yi ba, na san akwai magana.

Ya ce, "Kawu, kwamiti yana so a maimaita abin da ya faru a cikin jirginku, a gani da ido. Kai za ka fito a matsayin fasinjan."

"To, ranka ya daɗe."

"Shi fasinjan ya ce ƙorafi kawai ya yi. Saboda haka mai ƙorafi za ka yi mana. A hankali, cikin dattako."

"Yallaɓai, mai ƙorafi ba ya barin shatin zobe."

"Kai ka ga lokacin da abin ya faru?"

"Kai ka gani?"

Murmushin bai motsa ba. Ya ce kyaftin yana cikin ɗakinsa bai ga komai ba, matar mai jariri kuma ba ta ɗaukar waya, shi kuwa shugaban ma'aikatan ciki saura kaɗan ya yi ritaya, ya ce labule ya tare masa. Sannan ya tambaye ni, kamar hira, ko na san cewa a wasu kamfanonin yanzu bidiyo ake kunna wa ɗalibai, ba a ɗaukar mutum.

Na fito raina yana tafasa. Wato mu ne muke koya wa 'ya'yan mutane cewa ran fasinja yana hannunsu, mu sa su rantse da littafin doka, sannan ranar da suka bi dokar mu duba launin katin wanda aka kama. Da a bayan labule yake zaune, wallahi da tuni an sa sunansa a jarida an hana shi ko leƙa filin jirgi. Duk wannan jawabin na yi shi, da ƙarfi kuwa, amma a cikin mota, gilashi a rufe.

A gida na faɗa wa matata. Tana ninke kaya, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Ta ce, "To me za ka yi?"

"Ina tunani."

"Kai da tunani. Mutumin da aka kawo masa gas rabi ya ce na gode." Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito ta zube mini zobbanta kaf a tafin hannu. "Ungo. In za ka yi rashin mutunci, yau dai ka yi shi inda zai yi amfani. Kuma ka dawo mini da su."

Ranar zaman, kwamiti ya shigo sito da takalma masu ƙyalli. Shugabar ma'aikatan kamfani, mai jagorantar kwamitin, ta zauna a gaba da 'yar kwamfutarta, Manaja a gefenta. Lauyan kamfani, wani mai tabarau, aka ba shi 'yar tsanar da muke koyar da ceton jarirai da ita, aka zaunar da shi a kujerar matar mai jariri. Ya riƙe ta ta ƙafa ɗaya kamar kaza. Na cika akwatin gwaji da tsofaffin littattafan doka na ɗora a sama. Zobban matata ba su shiga yatsuna ba sai rabi, amma sun zauna.

Shiru ta tsaya a bakin labule cikin kayan gida, tunda an karɓe na aikin. Da ta ga zobban sai ta dube ni. Sai a lokacin na tuna: in zan yi shi da gaske, hannun nan mai ciwo zan kama.

Ta matso kamar za ta duba bel ɗina, ta ce ƙasa-ƙasa, "Kawu, a cikin gwangwanin nan ni ba 'yarka ba ce."

Manaja ya ce, "Bisimilla. A hankali dai."

Na miƙe. Na buɗe ma'ajiya na jawo akwatin rabi waje, yana lilo a saman kan lauya. Shiru ta ce, "Yallaɓai, don Allah ka zauna, muna sauka."

Na ce, "Ke 'yar aiki, da wa kike magana? Kuɗin tikitina ya fi albashin gidanku kaf!"

Manaja ya yi gyaran murya. Na ƙara wuta. Duk zagin da na tara a shekarun nan, da wanda na tanada wa Manaja, da na mai gas, na juye. Ta kai hannu za ta rufe ma'ajiyar, na cafke wuyan hannunta na murɗe. Na ji ƙaramar ƙarar da ta yi ta haɗiye, har yau ina jin ta. Na hankaɗa ta. Akwatin ya sulluɓo, ya shafi kunnen lauya, ya kwashe tabaransa, ya dira a cinyarsa daidai kan 'yar tsana. Kan 'yar tsanar ya fita ya gangara tsakanin kujeru har gaban Shugaba.

Abin da ya biyo baya ban gan shi da kyau ba, don fuskata tana cikin kafet. Kafet ɗin nan ban san rabonsa da wanki ba. Na ji gwiwa a bayana, na ji kafaɗata ta yi wata ƙara da ba ta cikin darasi, na ji ankwa ta ƙulle. Daga nan ƙasa, da rabin baki, na yi jawabin da na yi a mota. Na ce su dubi hannunta yanzu su gwada da shatin wancan, su gaya mini ko mai ƙorafi ke yin haka. Na ce idan jaririn gaske ne, wace sanarwa za su fitar, kuma furannin wa za a kai wa. Na ce su kore ni su sayi bidiyonsu.

Lauya yana lalube yana neman tabarau. Shugaba ta dubi kan 'yar tsanar, ta dubi agogonta, ta ce, "Mun gode. A kwance shi."

Washegari aka kira Shiru aka mayar mata da katinta. Aka ce an hana Mai Zobe hawa jiragen kamfanin. Ba a ba ta haƙuri ba, furanni ma babu, amma ta koma aiki. Ta zo da mahaifiyarta har gida suka yi mini sannu, ina zaune da hannu rataye a wuya kamar wanda ya dawo daga yaƙi. Na ba maƙwabta labarin, na ba mai aski, na ba likitan ƙashi. A kowane bayarwa akwatin yana ƙara nauyi. Matata ma, da ta ƙirga zobbanta ta ga sun cika, ta ƙara mini nama a miya.

Da na koma aiki na haɗu da lauya a lif, da sabon tabarau. Na gyara tsayuwa ina jiran ya yaba.

Ya ce, "Kawu, ya kafaɗa? Ai da ka sani ba ka wahalar da kanka ba."

"Kamar yaya, yallaɓai?"

"Au, ba a gaya maka ba? Tun da safiyar ranar aka gama magana daga sama. Mu dai mun zo ne don an riga an yi odar shayi da kek."

Ashe ana gobe za a zauna, Mai Zobe ya sake hawa wani jirgin kamfanin. Fim ɗin da yake kallo ya tsaya, ya sa zobe ya fasa talabijin ɗin bayan kujera. Abin da hannun Shiru bai jawo masa ba, talabijin ya jawo masa.