Ƙafafun Gado

Ranar da Kafinta ya ga kwalbatin da za a binne a ƙarƙashin sabon babban titi, sai da ya tsaya ya sake dubansa. Wai wannan 'yar kafar, wadda ko akuya sai ta sunkuya kafin ta wuce, ita ce za ta kwashe ruwan damina! Titin kuwa an cika masa ƙasa har ya fi rufin shagonsa tsawo, ya tare kwarin da ruwa ke bi ya fice daga unguwar. In ruwa ya rasa mafita, gidan Kafinta zai fara ci, don shi ne can ƙarshen gangare.

Sau uku yana zuwa ofishin kamfanin da ke aikin titin. "Baba, an yi awo," in ji su. An yi awo kam, amma da rani, lokacin da kwarin ke bushe ƙayau.

Ranar da za a zuba kankare, ya tare Injiniya, wata matashiya mai hular kwano, tana fama da taswira.

"Baba, ba zan iya tsayar da aiki da ka-ce-na-ce ba," ta ce a gajiye. "Lissafi nake so."

"Lissafi? To ɗauko tef ɗinki, 'yata, ki biyo ni."

Shekara talatin yana yi wa mutanen unguwar gado, bai taɓa tambayar kowa tsawon da yake so ba. Tambayarsa ɗaya ce: "A wane layi kake?" Duk daminar da ruwa ya taɓa katifa, sai a kira shi ya ƙara wa ƙafafun gadon katako, yatsa huɗu sama da inda ruwan ya tsaya, ya rubuta shekarar da fensir a jikin ƙarin.

Suka fara da gidan Tela a layin sama. Ƙafar gadonsa taƙi ɗaya ce, ba ƙari ko ɗaya. A layin tsakiya, gadon Malamar makaranta ya kai gwiwa, ƙari uku. Da suka shiga ɗakin Kafinta, Injiniya ta tsaya turus. Gadon ya kai mata ƙugu.

"Kalla da kyau, 'yar nan," in ji matarsa tana dariya. "Ni da tsufana, kullum sai na taka kujera kamar mai hawa babbar mota."

Injiniya ba ta yi dariya ba. Ta durƙusa ta leƙa, tana karanta shekarun ɗaya bayan ɗaya tana rubutawa. Ƙari bakwai ta ƙirga.

"Baba, duk wannan da hanyar ruwan a buɗe?"

"A buɗe wayam."

Ta daɗe tana danna wayarta tana lissafi. Sai ta miƙe ta fita da sauri, har Kafinta na haki a bayanta.

A bakin titi motocin kankare biyu na ta ruri. Ta ɗaga hannu ta ce a juya da su. Shugaban ma'aikata ya yi ta kumfar baki, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Baba, ban yi maka alkawarin gada ba, wannan sai na sama sun sa hannu. Amma wannan kwalbatin ba za a binne shi da sunana ba. Gobe zan zo da mutanena, ina son mu auna kowane gado a unguwar nan."

Daɗi ya kama Kafinta har idonsa ya ciko. Ya juya ya gangara unguwa, yana bi ƙofa-ƙofa yana ƙwanƙwasawa.

"Ku share ƙarƙashin gado, jama'a! Gobe muna da baƙi, kada ku ba ni kunya!"