Goran Tamba

Tun daga tashar Birnin Kebbi gaban Baiwa ke faɗuwa, kuma ba gudun direba ya jawo ba. Goran da mijinta Tamba ya rungume a cinya shi ya hana ta sakat.

Shekara ta biyu ke nan da aka yi Jihar Kebbi, gari ya cika da baƙi. Tamba ya samu aikin masinja a sabuwar sakatariya, suka kama ɗaki a Gwadangaji, amma ko ofis sukutum aka ba shi ba zai bari bikin kamun kifi na Argungu ya wuce shi ba. Goran na mahaifinsa ne, ƙato, ya yi baƙi don tsufa, da jar igiya a wuya. A kan irinsa masunci ke kwanciya rub da ciki ya ratsa zurfi, a cikinsa yake jefa kifin da ya kama. Shekara guda cur yana rataye a kusurwar ɗaki, ba mai taɓa shi sai mai shi. Dokar gidansu ke nan tun kakanni.

To, kwana uku da suka wuce Baiwa ta ga zanzaro ya yi gini a bakinsa. Karambani dai! Ta taka turmi ta sauko da shi don ta share, ya kuɓuce mata, ƙwas a kan daɓe. Tsaga ta fito a gindi, tsawon ɗan yatsa. Ta narka danko ta liƙe, ta shafe da baƙin tukunya, ta mayar ta rataye. Ta ce in ya dawo aiki za ta faɗa masa. Ya dawo, ta kasa. Washegari ma ta kasa. Ga su yau sun wuce Ambursa da fadamun shinkafarta, mutanen mota na ta raha, ita kuwa idonta na kan gindin gora.

Argungu ba masaka tsinke. Ganguna ta ko'ina, masu soya kifi na kiran ciniki, ga mutanen Nijar, ga Turawa da na'urar ɗaukar hoto suna ta zufa. A bakin Matan Fada, kogin da ba a yarda kowa ya jefa homa, wato ragar kamun kifi, cikinsa ba sai ranar biki, suka haɗu da ƙanenta Musaddiq, manomin albasa daga Augie. Sati biyu da suka wuce matarsa Nazifa ta haihu.

"Yaya, yau maijego za ta ci giwar ruwa!" ya ce wa Tamba, yana ɗaga homarsa yana dariya.

Maza suka juya za su tafi inda masunta ke jeruwa. Baiwa ta riƙo hannun rigar mijinta.

"Maigida..."

"Mi na ne?"

Maganar ta zo har leɓe ta koma. "Allah shi ba da sa'a," ta ce.

Ta tsaya cikin mata a kan gaɓa tana lallashin kanta. Ai Tamba a ruwa ya tashi. Ko goran ya nutse, shi zai fito. Iyakarta faɗa, faɗa kuwa ba ya kisa.

Bindiga ta tashi. Dubban maza suka kwaso a guje suka auka ruwa, kogin ya koma kawuna da goruna da homa, ba ka gane naka. Baiwa ta yi ta duba har idonta ya yi yaji. Can wajen zurfi, inda masunta suka yi ƙaranci, ta hango jar igiya. Goran ya karkace, rabinsa cikin ruwa, yana juyawa a hankali. Ba kowa a kansa.

 Ta nemi yin ihu, murya ta ƙi fita. Ta kutsa cikin mutane tana gangarawa, mayafi ya faɗi ba ta waiwaya ba, tana faɗin innalillahi a zuci. Sai ga mutum ya fito daga ruwa a gabanta, jiki duk laka, da kifi a hannu. Tamba ne, lafiyarsa lau, har da murmushi.

Wayyo daɗi! Sai da ta kusa rungume shi a gaban jama'a. Sannan ta lura da abin da ke hammatarsa, wani ɗan gora fari wanda ba ta taɓa gani ba.

"Ina naka?"

"Na ba Musaddiq. Da ɗan goran wanga ya zo, shi kuwa kin san bai iya ruwa sosai ba. Na ce ya riƙe na Baba, bai taɓa ba kowa kunya ba."

A nan muryarta ta dawo, ta fito da ƙarfin da ya sa makaɗin da ke kusa ya tsaya. "Ya tsage! Goran a tsage yake! Ga shi can ba kowa a kai!"

Tamba ya dube ta sau ɗaya. Bai tambaye ta yadda ta sani ba. Ya yar da kifin, ya ruga wajen mutanen Sarkin Ruwa masu tsaron kogi, suka tura jirgi. Baiwa ta durƙusa cikin laka tana kallon jirgin na nisa. Nazifa ta faɗo mata a rai, da jaririn da aka raɗa wa suna satin jiya, da tsohuwarsu a Augie. Me za ta ce musu? Ta ga Tamba ya faɗa ruwa ya nutse. Ya taso hannu wofi, ya sake nutsewa. 

A karo na uku ya taso da mutum.

Suka shimfiɗe Musaddiq a kan gaɓa, wani dattijo ya yi ta danna masa ciki. Shiru, shiru, sannan ya yi tari ya amayo ruwan laka. Jama'a suka ɗauki salati. Wani ya janyo goran ya ajiye a gefe. Dankon ya ɓalle, tsagar ta buɗe, ruwa na tsiyaya.

Da Musaddiq ya buɗe ido, goran ya fara gani. Ya lallaɓa ya kama ƙafar Tamba, haƙoransa na kaɗawa.

"Yaya, ka yafe mini. Ka ba ni amanar kayan Baba na fasa. Wallahi ban san inda na buga shi ba."

Tamba ya sa yatsa ya ɓanɓaro guntun danko daga gindin goran, ya murza, baƙin tukunya ya ɓata masa hannu. Ya tsaya yana kallon yatsun nasa, bai ko dubi inda Baiwa take ba. Da ta yi shiru, ta san har abada ba zai tona ta ba.

Baiwa ta ja gwiwa cikin laka har gaban ƙanenta, hawaye na zuba.

"Sake masa ƙafa, Musaddiq," ta ce. "Ba kai ba ne. Ni ce na fasa shi, tun kwana uku, kuma ina kallo kuka shiga ruwa."